Yankin jarra cikin jimlar Ingilishi, da hanyar da ɗalibinmu yake bi ya kai gare shi

1. Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa gyaran taƙaitaccen bayanin da ɗalibanmu suke rubutawa da Ingilishi a farkon kundin ƙare karatu, ya san inda jan alƙalami ya fi sauka. Manyan kalmomin ilimi ba su cika ba da wahala ba, tun da yawancinsu tushensu ɗaya da na Faransanci. Matsalar tana wajen ƴan ƙananan kalmomi irin su «of», «to», «in», «at», «on», «for», «with». Nahawun Faransanci yana kiran su «prépositions». Mu a nan za mu ari sunan da malaman nahawun Larabci suka ba su, wato haruffan jarra. Harafin da yankin sunan da ke biye da shi, su ne muke kira yankin jarra.

Ba kalmomin da za a iya kauce ma ba ne. Cikin tarin rubutun Amurka na shekarar 1961 da aka haɗa a jami'ar Brown, mai kalma wajen miliyan ɗaya, «of» ita ce ta biyu wajen yawan fitowa, «in» kuma ta shida. Abin da muke so mu nuna shi ne: ɗalibin Nijar yana isa ga Ingilishi ta hanyar Faransanci, alhali a wurare da dama halshen uwarsa ya fi Faransanci kusa da Ingilishi. Tauraro gaban misali yana nufin jimlar ba ta karɓuwa.

2. Ayyukan yankin jarra

Siffar yankin ba ta da wuya: harafi, sa'an nan yankin suna. Aikinsa ne yake bambanta. Mu dubi waɗannan misalai:

(1) The traders arrived in Maradi on Monday.
(2) The price of millet in the markets of the south has risen.
(3) The harvest depends on the rain.

A (1), yankunan biyu suna faɗin wuri da lokaci. Ma'ana ce take zaɓen harafin, kuma ana iya gusar da «on Monday» zuwa farkon jimla ba tare da wata ɓarna ba. A (2), yankunan suna rataye ga suna, kowane yana ƙara fayyace na gabansa, kamar yadda Hausa take yi da -n da -r cikin «kuɗin hatsin kasuwannin kudu». Littafin nahawun da Biber da abokan aikinsa suka fitar a 1999 ya nuna cewa wannan shi ne ginin da rubutun ilimi ya fi amfani da shi wajen faɗaɗa suna, gaba da jimlar dangantaka mai «which» ko «that». A (3) kuwa, «on» ba ta nufin «bisa». Aikatau ne ya neme ta.

Bambancin (1) da (2) ba wasan masu nahawu ba ne, don akwai jimlolin da suke ɗaukar fassara biyu:

(4) The gendarme stopped the trader with a stick.

Sandar ta wa ce? In yankin yana rataye ga aikatau, jandarma ya yi aiki da sanda. In yana rataye ga suna, ɗan kasuwa ne yake riƙe da ita. Hausa tana raba su nan take: «da sanda» daban, «mai sanda» daban. Ɗalibin da aka ce ya mayar da (4) Hausa, tilas ya zaɓi ɗaya, kuma a wannan zaɓen ne yake gane cewa akwai gini biyu.

3. Wuri da lokaci

Nan Hausa ba ta taimako sosai. Harafin «a» shi kaɗai yana rufe abin da Ingilishi ya raba ukku: «at» ga wurin da aka ɗauka kamar ɗigo, «on» ga shimfiɗa ko layi, «in» ga abin da ke da ciki. Rabon nan ya bi lokaci ma: at six o'clock, on Monday, in August, in 1960. Amma ana cewa «in the morning» da «at night», sa'an nan in an ambaci rana sai a koma «on Monday morning». Wannan sai hadda. Haka kuma Hausa tana cewa «Ya tafi kasuwa» babu harafi, shi ya sa muke ganin *He went market, ga shi kuma Ingilishin kansa yana cewa «He went home», abin da yake ƙara rikita yaro.

Ga tsawon lokaci kuwa, Faransanci ne mai laifi. Kalma ɗaya, «depuis», tana aiki a «depuis 1990» da «depuis trois ans», sai ɗalibi ya rubuta *since three years. Bahaushe ya riga ya raba su: «Yana aiki nan tun 1990», amma «Ya shekara ukku yana aiki nan». Inda «tun» take nuna mafarin abu, «since» ce; inda ake ƙidayar tsawo, «for» ce.

4. Harafin da aikatau ko sifa suke nema

A nan ne kuskure ya fi yawa, kuma kusan kullum ana ganin sawun Faransanci a ƙarƙashinsa. Wani lokaci halsunan biyu suna da harafi amma ba iri ɗaya ba: «dépendre de» yana haifar da *depend of, «s'intéresser à» yana haifar da *interested to history, alhali «depend on» da «interested in» ake cewa. Wani lokaci Faransanci ba shi da harafi, Ingilishi yana da shi: écouter, attendre, chercher, regarder, su ne listen to, wait for, look for, look at. Wani lokaci kuma akasin haka: répondre à, obéir à, entrer dans, discuter de, su ne answer, obey, enter, discuss, kai tsaye ga karɓau. Jimlar *This paper discusses about the drought ta zama kamar gādo a kundayenmu. Abin lura, Hausa tana cewa «ya shiga ɗaki», «ya amsa tambaya», «ya bi doka», duka babu harafi, daidai da Ingilishi. Haka «Ya aure ta» ya dace da «He married her». «Se marier avec» ne yake kawo *married with her, inda ya kamata a ce «married to her».

Tun da ma'ana ba ta isa ta nuna harafin ba, jerin haruffa da fassararsu da ake ba yara a kolej bai da amfani a wannan fanni. A ganinmu, kamata ya yi a riƙa koyar da «depend on» a matsayin abu guda tun ranar farko.

Sai a kiyaye kada a haɗa wannan gini da wani mai kama da shi. «Look at the word» da «look up the word» sun yi kama, amma da an sa wakilin suna sai su rabu: look at it, look it up. A na biyu, «up» ɓangaren aikatau ce.

5. Wurare biyu da Hausa ta fi dacewa

Na farko: in aikatau ya biyo harafin jarra, Faransanci yana sa shi a «infinitif»: sans parler, avant de partir. Ingilishi yana neman siffa mai -ing, wadda take aikin suna: without speaking, before leaving. Wannan shi ne abin da Hausa take yi da sunan aikatau cikin «bayan cin abinci» ko «kafin tafiya». Da wannan kwatanci ake fahimtar dalilin «We look forward to seeing you»: «to» ɗin nan harafin jarra ce, shi ya sa *to see you bai shiga ba. Wasiƙun neman gurbin karatu da yawa suna ƙarewa da wannan kuskure.

Na biyu ya fi ban sha'awa. Ingilishi yana iya barin harafi shi kaɗai a ƙarshe, bayan sunansa ya ƙaura:

(5) Who did you give it to?
(6) This is the table he put the book on.

Faransancin makaranta bai yarda da haka ba sam: «À qui l'as-tu donné?» Shi ya sa ɗalibanmu suke ganin (5) kamar lalataccen Ingilishi, su fake ga «To whom did you give it?», wadda take daidai amma ta yi nauyi ga magana. Su ma Ingilishi sun daɗe suna gardama bisa wannan: John Dryden ya soki ginin a 1672 yana auna shi da ma'aunin Latin, Robert Lowth kuma a nahawunsa na 1762 ya amince cewa halshen ya karkata gare shi, ko da yake ya fi son ɗaya ginin ga rubutu mai nauyi. Manyan littattafan nahawu na baya-bayan nan, na Quirk da abokansa a 1985 da na Huddleston da Pullum a 2002, sun karɓe shi a matsayin Ingilishi tsantsa. Ga Bahaushe kuwa ba baƙon abu ba ne: «Wa ka gaya ma?», «teburin da ya aza littafi a kai».

Amma kamar ba ta cika ba, kuma a nan ne ya kamata malami ya tsaya. Harafin «da» ba ya zama shi kaɗai a ƙarshe. Sai an dawo da wakilin suna: «wuƙar da ya yanka nama da ita». Wannan «ita» ce take ƙetarawa cikin *the knife he cut the meat with it. Ɗalibin da ya rubuta haka ya riga ya bar harafin inda ya dace; abin da ya rage a nuna masa shi ne, bayan «with» ɗin nan Ingilishi gurbi yake bari, ba ya cika shi.