Riƙon Doki a Ƙasar Dutse

Idan kaka ta wuce, mai tafiya tsakanin Dutse da Kiyawa da Jahun zai iya gane gidan da ke da doki tun bai ji haniniya ba. Harawa ce ke tona asirin. Za ka ga dammunanta an jibge a kan rumfa, wasu an cusa tsakanin rassan darbejiya inda awaki ba sa kaiwa, yawanta ya wuce abin da 'yan tumakin gida za su cinye. Mai wannan gidan ya riga ya yi lissafin watannin da ke tsakanin Nuwamba da saukar ruwan Yuni, domin ya san doki ba ya jiran kasuwa ta yi sauƙi kafin ya ji yunwa.

Ƙananan hukumomi bakwai ne ke ƙarƙashin masarautar Dutse: Dutse, Kiyawa, Jahun, Miga, Birnin Kudu, Buji da Gwaram. Daga nan hakimai ke tattaro dawakinsu da na dagatansu su nufi Garu, inda fadar take a tsakanin duwatsu, duk lokacin da Sallah ta zo. Haka aka yi a zamanin Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya rasu a Janairun 2023, haka kuma ake yi a ƙarƙashin ɗansa, Sarki Hamim Nuhu Sanusi. Al'adar ta girmi Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira a 1991, nesa ba kusa ba. Dutse ta daɗe cikin ƙasar Kano, kuma tarihin Kano ya nuna cewa tun zamanin Sarki Kananeji, wajen 1390 zuwa 1410, lifidi da kwalkwali da sulke suka shigo hannun mahaya. Yaƙin da aka tanadi waɗannan kaya dominsa ya wuce, amma sarauta ta riƙe dokin. Yau hakimin da ba shi da barga, ko motarsa nawa, jama'arsa na ganin akwai abin da ya rage masa.

Ba masu sarauta kaɗai ke ɗaure doki ba. Akwai manomi mai hali da ya gaji turke daga mahaifinsa, akwai ɗan kasuwa mai sha'awa, akwai matasan da ke haɗa kuɗi su sayi ɗaya. A ƙauye kuma ake samun goɗiya, domin a gari ingarma ake so, shi ake hawa a fita fage. Goɗiya takan yi wata goma sha ɗaya da ciki, ta haifi duƙushi guda, saboda haka mai kiwonta mutum ne mai dogon haƙuri.

Yawancin masu saye Maigatari suke zuwa ranar Alhamis, can bakin iyaka da Nijar, ko su bi dillalan da ke kawo dawaki daga Barno da Chadi da Sudan. Mai hankali ba ya zuwa shi kaɗai, yakan ɗauki dattijon da ya tsufa a barga. Dillali zai yi ta zuba, dama an ce dokin mai baki ya fi gudu, shi kuwa dattijon ba ya tanka masa. Sai ya matsa ta gefen kafaɗa, ya dafa wuyan dokin, ya ɗaga leɓensa ya dubi haƙora. Haƙoran nono na tsakiya kan faɗi a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, kafin shekara biyar baki ya cika. Daga nan ya shafa bayansa a hankali da tafin hannu yana neman tabon tsohon miki, ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana jin ko akwai zafi ko kumburi, ya ɗaga kofato ya duba cikinsa. Sai ya ce a ja shi a tafi, a juyo, yana tsugune yana kallon yadda ƙafa ke sauka. Sai an gama wannan duka ake maganar launi, ko kili ne fari tas, ko akawal baƙi wuluk, ko danda mai dabbare-dabbare, ko bidi. Wasu na da camfi a kan farin goshi da farar ƙafa da murɗin gashi, har su fasa ciniki a kai. Ni dai na fi yarda da abin da tafin hannun dattijon nan ya ji.

Bargar gida ba wani babban gini ba ce. Rumfa ce ta kara ko ta kwano a gefen tsakar gida ko bayan zaure, da turke a kafe, da yashi a ƙasa. Akan ɗaure dokin ta ƙafar gaba da igiya mai laushi, ana sauya ƙafar lokaci-lokaci don kada ta ci masa fata. Yashin nan shi ne rabin lafiyarsa. In aka bar shi ya jiƙe da fitsari, kofato ya fara ruɓewa daga ciki yana wari, kuma doki mai ciwon kofato ya tashi daga aiki. Shi ya sa aikin farko na ɗan barga bayan sallar Asuba shi ne kwashe kashi da jiƙaƙƙen yashi, a zuba busasshe. Kashin ba a zubar da shi. Ana tara shi a kai gona, magina na gargajiya ma kan nema don cuɗa ƙasar yaɓe.

Ɗan barga na ƙwarai yana karanta kashin kafin ya kwashe. In ya ga ya bushe ƙwarai, ko ya yi ƙaranci, ko ya tarar da hatsin jiya a kwano, ba ya jiran rana ta ɗaga. Zai je ƙofar maigida ya yi sallama: "Ranka ya daɗe, Kili bai taɓa hatsinsa ba, kuma yana ta waiwayen cikinsa." Duk mai doki ya san abin da wannan magana ke nufi. Tumbin doki ƙarami ne in aka gwada da girman jikinsa, kuma ba ya iya amai. Abin da ya shiga sai dai ya wuce ta baya, in ya tsaya kuwa, ciwon ciki ne, wanda kan kashe ingarma lafiyayye cikin dare ɗaya. Za ka ga yana tonon ƙasa da ƙafa, yana gumi, yana son kwanciya ya yi ta birgima. Akan kwance shi a yi ta zagayawa da shi a hankali, a janye abinci, a aika neman likitan dabbobi.

Saboda wannan haɗarin ne ciyar da doki ke da ƙa'ida. Kaɗan-kaɗan ake ba shi, sau da yawa. Ruwa kafin hatsi. Ba a shayar da shi ruwa mai yawa yana dawowa daga sukuwa jikinsa na tururi, sai an sauke sirdi, an zaga da shi ya huce, an bar shi ya yi birgima a yashi. Gero ko dawa akan sheƙe a tsince tsakuwa, a haɗa da dusa, wasu su jiƙa. Kanwa kuwa ba ta yankewa a barga, ana jiƙa 'yar kaɗan a ruwan sha. Da damina yara kan fita da lauje su yanko harkiya da gadagi, a karkaɗe ƙasar da ke jiki kafin a zuba masa. Abin da masana barga suka fi tsoro shi ne sauyin abinci farat ɗaya: dokin da ya yi wata bakwai a kan busasshiyar harawa, a wayi gari a cika masa gaba da ɗanyar ciyawar farkon ruwa. Da sannu ake gauraya masa har cikinsa ya saba.

Bazara ce ke rarrabe masu doki. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da duwatsun Dutse ke mayar da zafin rana har bayan Magariba, doki kan sha ruwa fiye da lita talatin a yini. Harawa ta yi tsada, kuma in Babbar Sallah ta kusa, masu kiwon raguna na neman damin da mai doki ke nema. Wanda bai yi tanadi da kaka ba sai ya fara rage mudu, haƙarƙarin dokin ya fara fitowa. Na san gidajen da maigida ya gwammace ya jinkirta ɗinkin kansa a kan a ga ƙashin bayan dokinsa, kuma ban ga wauta a ciki ba. Dabbar da ka ɗaure a turke ba ta da wata hanyar neman abinci sai ta hannunka.

Horo kan fara ne tun kafin a yi maganar hawa. Duƙushi ana sabar masa da hannu, a shafa shi, a ɗaga ƙafarsa, a sa masa ragama a ja shi kusa da babban doki mai natsuwa. In ya kai shekara biyu da rabi zuwa uku sai a fara ɗora masa zubka kawai, bayan kwanaki a aza sirdi a ɗaure majayi sako-sako, yana tutsu yana gajiya har ya haƙura. Wanda zai fara hawa yaro ne marar nauyi, kuma a wuri mai yashi, kamar busasshen rafi, inda faɗuwa ba ta karya ƙashi kuma gudu ke saurin gajiyar da dokin. Daga nan a koya masa taƙama, a koya masa sassarfa, sannan sukuwa da zamiya, wato ya taho a guje ya ja birki wuri ɗaya ƙafafun baya a ƙarƙashinsa, kamar yadda ake yi wajen jafi a gaban sarki.

Dokin hawa yana da wani karatun na dabam. Dole ya saba da kalangu da tambari da algaita da kakaki, da ƙarar bindigar 'yan bindiga, da guɗar mata, da riguna masu kaɗawa, da cunkoson jama'a. Akan kai shi inda ake kiɗa a tsayar da shi daga nesa, gobe a matso, jibi a ƙara matsowa. Kilisar yamma da ake gani a bayan gari ba yawon banza ba ce, ita ke riƙe ƙarfin dokin da ladabinsa. Ingarman da ya yi mako a turke yana cin hatsi ba a motsa shi ba, ranar da aka hau shi sai an yi da gaske.

A nan ne nake da ƙorafi. Linzamin gargajiya yana da zobe da ke zagaye haɓa da ƙarfe da ke danna ganɗa. A hannun gwani, ɗan motsin yatsa a kamazuru ya isa, doki ya ji ya bi. A hannun yaron da ke son burge 'yan kallo kuwa, wuƙa ce. Ranar hawa ko ranar angwanci za ka ga kumfa ja a bakin doki, ka ga gefen cikinsa ya yi jini saboda ƙaimi, mahayin yana murna wai dokinsa na rawa. Tsofaffin mahaya ba sa kiran wannan gwaninta. Abin ya ƙaru ne tun da hayar doki ta zama sana'a: a ba wanda bai taɓa share barga ba ingarma na yini guda, ya yi ta sukuwa a kan kwalta, alhali yawancin dawakinmu ba a sa musu takalmin ƙarfe. Da dare a dawo da shi da miki a baya da ƙafa a kumbure, ɗan barga ya kwana yana gasa masa da ruwan ɗumi.

Damina tana kawo ciyawa, tana kuma kawo ƙuda da sauro da kaska. Akan tayar da hayaƙi a barga da yamma don korar su. Akwai mummunar cutar dawaki da ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa a wannan lokacin, mai kumbura kai da cika huhu da ruwa. Akwai kuma murar dawaki, wadda ta ɓarke a Sakkwato a ƙarshen 2018 ta bazu har Nijar, ta kashe jakuna masu yawa. Sabon dokin da aka kawo daga kasuwa ya kamata ya yi makonni a ware kafin ya sha ruwa a kwano ɗaya da na gida. Layar da ake rataya wa doki a wuya al'ada ce da ba wanda ya hana, amma ba ta maye gurbin maganin tsutsa da allurar rigakafi da yankan kofato duk bayan wata ɗaya da rabi ko biyu.

Sallah tana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka shirin hawa na faɗowa a kowane irin yanayi. A 2024 Ƙaramar Sallah ta zo ne a watan Afrilu, tsakiyar zafi, ma'ana 'yan barga sun yi watan azumi cur suna ɗibar ruwa, suna kilisa, suna wanke dawaki da ƙishirwa a maƙogwaro. Ana saura kwanaki sai a fito da kaya daga adaka a shanya: jalala, ɗauki-saka, ɗan kai, ɗan ƙirji, a goge likkafa, a kai wa baduku abin da ya tsinke. Kili akan wanke shi da sabulu, wasu su sa masa lalle a ƙafa da wutsiya. Ranar hawa idon kowa na kan rawani da alkyabba, wanda ya yi aikin kuwa yana ƙasa riƙe da ragama yana tafiya cikin ƙura.

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, kuma duk mai doki a ƙasar Hausa ya ji daɗin wannan. Amma sanin da ke riƙe da hawan, na duba haƙori da jiƙa kanwa da gane ciwon ciki tun bai yi nisa ba, yana kan dattawa ne da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma yaran da ya kamata su gaje su sun ga acaba ta fi barga kawo kuɗi. Roƙona ga masarautar Dutse da hakimanta da ma'aikatar da ke kula da dabbobi a Jigawa shi ne a kyautata ladan 'yan barga, a haɗa matasa da tsofaffin mahaya su koya tun suna nan, a kuma riƙa tura likitocin dabbobi barga-barga kafin damina da kafin kowace Sallah. Mai ba da hayar doki kuma, don Allah, ya dubi hannun wanda zai miƙa wa linzami kafin ya karɓi kuɗinsa.