Barin Tushen Manhaja a Kan Sabar Aiki: Yana Ƙara Tsaro Kuwa?

Wasu injiniyoyi kan ce a bar rubutun tushen manhaja a kan sabar da jama'a ke shiga, domin mai binciken ƙa'ida ya gani da idonsa. Hujjar ba ta da ƙarfi. Zaman rubutun a wurin ba ya tabbatar da cewa daga gare shi aka haɗa manhajar da ke gudana. Abin da mai bincike ke nema shi ne tarihi: wa ya canza layi, wa ya amince, yaushe aka fitar. Rumbun Git mai tsaro ne ke riƙe wannan. Ƙa'idar ISO 27001 ta 2022 ma ta buƙaci a taƙaita masu taɓa tushen manhaja, a kuma raba wurin ƙira da wurin aiki.

Haɗarin kuwa a bayyane yake. A 2018, mai bincike ɗan ƙasar Cek, Vladimír Smitka, ya gano shafuka kusan 390,000 da jakar .git ɗinsu, inda Git ke ajiye tarihin manhaja, ke buɗe ga kowa, wasu har da kalmomin sirri a ciki.

Gaskiya ne cewa manhajar PHP ko Python galibi sai rubutunta ya zauna a sabar, amma ba tare da tarihinta da makullanta ba.