Zaɓen Makarantar Tsakiya a Birnin Washinton: Ta Unguwa ko ta Yarjejeniya

Gabatarwa

A mafi yawan biranen Amurka, makarantar tsakiya ita ce wadda yaro yake shiga bayan firamare, daga aji 6 zuwa aji 8, wato tsakanin shekara 11 zuwa 14. Ta yi kusa da ƙaramar sakandare ta tsarinmu na 6-3-3-4. A wannan mataki iyaye sukan fuskanci zaɓi tsakanin makarantu iri biyu waɗanda duka gwamnati ce take ɗaukar nauyinsu: makarantar unguwa da makarantar yarjejeniya. Za a ɗauki Washinton, babban birnin ƙasar, a matsayin misali, domin kusan rabin ɗaliban makarantun gwamnati na birnin suna makarantun yarjejeniya ne.

Ma'anar makarantun biyu

Makarantar unguwa ita ce wadda hukumar ilimi ta birni take gudanarwa da kanta. An yanka birnin shiyya-shiyya, kowace shiyya da makarantarta, kuma duk yaron da gidansu yake cikin shiyyar yana da haƙƙin gurbi a can, ko da a tsakiyar shekara ya zo.

Ita kuwa makarantar yarjejeniya, wadda Amurkawa suke kira "cata", wata ƙungiya ce mai zaman kanta take tafiyar da ita da kuɗin gwamnati, bisa rubutacciyar yarjejeniya. An sakar mata mara wajen tsara manhaja da tsawon ranar karatu da ɗaukar malamai, ita kuma ta yi alkawarin cim ma wani matsayi. In ta kasa, sai a soke yarjejeniyar. A Washinton wa'adin yarjejeniyar shekara 15 ne, ana kuma bitarta duk bayan shekara 5. Kada ɗalibi ya rikita ta da makarantar kuɗi: ba a biyan ko sisi, kuma ba ta da ikon tace ɗalibai da jarrabawar shiga.

Jihar Minesota ce ta fara yin dokar irin waɗannan makarantu a 1991, aka buɗe ta farko a birnin St. Paul a 1992. Na Washinton sun fara aiki a 1996. Abin lura shi ne, daga cikin waɗanda suka fara tallata ra'ayin a 1988 har da Albert Shanker, shugaban wata babbar ƙungiyar malamai, wanda ya ɗauke su a matsayin fagen da malamai za su gwada sababbin dabarun koyarwa. Daga baya ya juya musu baya, kuma akasarin malamansu ba sa cikin ƙungiya.

Yadda ake samun gurbi

Nan ne ainihin bambancin yake. Gurbin makarantar unguwa tabbas ne, na yarjejeniya kuwa sa'a ce. Tun 2014 birnin yake amfani da tsarin nema guda ɗaya mai suna My School DC. Iyaye sukan jera makarantu har 12 bisa fifikon da suke so, kwamfuta ta ba kowane yaro lambar ƙuri'a, sannan a ba shi gurbi a makaranta ɗaya tak. Makarantun da ya sa a sama da wadda ya samu sai su ajiye sunansa a jerin masu jira. Wanda yake da wa ko ya a makaranta yakan sami fifiko a kan baƙo.

Akwai kuma wani ƙulli da ya keɓanta da wannan mataki. Firamaren unguwa tana ƙarewa ne a aji 5, amma wasu makarantun yarjejeniya da ake rububinsu, irin su Washington Latin da BASIS DC, daga aji 5 suke fara ɗaukar ɗalibai. Mafi yawan guraben a wannan aji ake cike su. Wanda ya jira aji 6 sai dai ya yi fatan wani ya fita. Ke nan iyaye tun yaro yana aji 4 za su yanke shawara: ko su raba shi da malamai da abokan da ya saba da su saura shekara guda ya gama, ko su bar shi ya kammala alhali ƙofar tana rufewa. Firamaren da aka bari ita ma tana ji a jikinta, domin a Washinton kuɗin ilimi bin ɗalibi yake yi duk inda ya tafi.

Ya kamata kuma a sani cewa ba kowa ne yake shiga ƙuri'ar da fargaba iri ɗaya ba. Iyalin da suke zaune a shiyyar makarantar Alice Deal, a arewa maso yammacin birnin inda gidaje suke da tsada, in ƙuri'a ta faɗi suna da kyakkyawar makoma. Iyalai da yawa na gabashin kogin Anakostiya, inda talauci ya fi yawa, ba su ganin tasu haka. Ashe tabbacin makarantar unguwa ma da kuɗin gida ake sayensa.

Me bincike ya nuna?

Kwatanta sakamakon jarrabawar makarantun biyu kai tsaye yaudara ce, domin iyayen da suka iya cike takardar nema a kan lokaci sun riga sun bambanta da waɗanda ba su cike ba. Saboda haka masana sukan kwatanta yaran da suka ci ƙuri'a da waɗanda suka nema suka rasa, tun da sa'a ce kaɗai ta raba su. Wani bincike irin wannan da aka yi wa Ma'aikatar Ilimi ta Amurka, aka fitar a 2010, ya duba makarantun tsakiya na yarjejeniya 36 a jihohi 15. A jimlace bai ga sun fi na unguwa ba. Sai dai waɗanda suke koyar da 'ya'yan talakawa masu rauni a karatu sun ɗaga su a lissafi, waɗanda suke koyar da 'ya'yan masu hali kuwa baya suka mayar da su.

Cibiyar CREDO ta Jami'ar Stanford, wadda take amfani da wata hanya dabam, ta gano a 2009 cewa kashi 17 cikin ɗari na makarantun yarjejeniya sun fi takwarorinsu a lissafi, kashi 37 kuma sun gaza su. A rahotonta na 2023 al'amarin ya juya kaɗan: ɗalibansu sun yi gaba da kimanin karatun kwana 16 a iya karatu da kwana 6 a lissafi cikin shekara. Wannan matsakaici ne na dubban makarantu. Ba ya gaya wa uba komai game da takamaiman biyun da suke gabansa.

Abubuwan da ake dubawa

Ma'aunin da ya fi amfani shi ne ci gaban da ɗalibai suke samu daga shekara zuwa shekara, domin yawan maki kaɗai yakan nuna halin gidajen da yara suka fito ne fiye da aikin malamai. Sai a tambayi malamai nawa suka bar aiki bara, da ɗalibai nawa aka dakatar, da nawa ne daga cikin waɗanda suka shiga aji 6 suka kai aji 8. Wasu makarantun yarjejeniya sun yi suna da tsawaita ranar karatu da tsananin horo. Wani yaron yakan natsu a irin wannan yanayi, wani kuma ya ƙosa. Doka ta wajabta wa makarantun biyu kula da masu buƙata ta musamman, amma ƙaramar makaranta mai cin gashin kanta ba lallai ta mallaki ƙwararrun da babbar hukuma take da su ba.

Nisa ma abin lissafi ne. Birnin ba ya ba akasarin ɗalibai motar makaranta, sai dai katin hawa bas da jirgin ƙasa kyauta, don haka ɗan shekara 11 yakan keta gari shi kaɗai safe da yamma. Sannan makarantar yarjejeniya tana iya rufewa. A watan Agusta na 2024 wata ta rufe saboda matsalar kuɗi ana saura 'yan kwanaki a koma karatu, iyaye suka shiga neman gurbi bayan an daɗe da gama ƙuri'a. Wanda bai samu a wata makarantar ba, ta unguwarsu ce doka ta tilasta wa karɓarsa.