Tuwon Gidanku Ya Fi Daɗi, Mun Ji

Wata rana na'urar buga takardu ta ƙi jin maganar kwamfutata. Na danna, na sake dannawa, ita kuwa ta toge kamar jakin da ya ga kududdufi. Sai na shiga intanet na yi tambaya cikin ladabi, na faɗi irin babbar manhajar da ke kan kwamfutar, na faɗi abin da na gwada. Wanda ya fara amsawa cewa ya yi maganina ke nan, wa ya aike ni amfani da wannan tarkace, in goge in ɗora irin tasu. Na biyu zuwa ya yi don ya zagi na farko. Kafin magariba an kaure da cacar baki a ƙarƙashin tambayata, an manta da ni, an manta da takardata. Ka kawo jakinka yana ɗingishi kana neman mai duba kofato, mai raƙumi ya ce laifinka ne da ba ka sayi raƙumi ba, mai doki ya kira mai raƙumi baƙauye, jaki kuma yana nan tsaye da ƙaya a ƙafa.

To mece ce wannan babbar manhaja da ake wa wannan kishi? Sarkin kasuwa ce. Kwamfuta ko waya kasuwa ce cike da masu sana'a: mai hoto, mai rubutu, mai waƙa, mai kai saƙo. Babbar manhaja ce ke raba musu rumfuna, ta ce wane ya jira wane ya wuce, ta hana mai manja zuba wa mai atamfa, in dare ya yi ta rufe ƙofa. Ba ta sayar da ko tsinke, amma ranar da ta kwanta ciwo kasuwa ba ta ci.

Manyan sarakunan uku ne. Windows na kamfanin Microsoft, wadda ta fito a 1985, ita ce mai tuwon bakin tasha: kowa ya san ta, kowace irin miya akwai, kuma da yake nan jama'a ta fi taruwa, nan 'yan sane suka fi yawa. Ta kamfanin Apple gidan abinci ne mai labule da sanyi, faranti tsaf, farashi a rubuce ba tayi, amma kada ka kuskura ka leƙa madafa ka ce a rage gishiri. Linux kuwa aikin gayya ne. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991 yana ɗan shekara 21, ya buɗe madafar ya ce kowa ya shigo. Ga tukunya, ga muciya, ga yadda ake haɗin, kyauta. Sai dai wani lokacin kai za ka faskara itacen.

Yanzu ka gaya mini, cikin waɗannan uku wanne ne daidai? Matafiyin da mota ke jira ya san amsarsa, mai kuɗin da ba ya son hayaƙi ya san tasa, wanda hannunsa ke ƙaiƙayi in bai yi girki da kansa ba shi ma haka. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji maƙwabcin mai akuya da ya sayi kura. Inda gizo ke saƙar shi ne, mutum ya shekara goma hannunsa ya saba da wuri ɗaya, ya san inda ludayi yake ko cikin duhu, ya kashe kuɗi, ya kashe dare yana koyo. In ka kushe manhajarsa, abin da kunnensa ke ji shi ne ka ce tuwon gidansu gaya ne. Kuma babu wanda ake gaya wa haka ya tsaya neman hujja.

Wannan faɗa ya girmi yawancin masu yin sa. A watan Janairun 1992, wani farfesa Ba'amurke da ke koyarwa a Amsterdam, Andrew Tanenbaum, wanda ya ƙirƙiri wata manhajar koyarwa mai suna Minix, ya fito fili ya ce Linux tsohon yayi ce tun daga haihuwa. Gardamar tasu ta tukunya ce. Farfesa yana ganin a dafa kowane abu a 'yar tukunyarsa, don in ɗaya ta kife sauran su tsira. Linus kuwa ya zuba komai a babbar tukunya guda, ya ce haka ya fi sauri. Malam ya ƙara da cewa da yaron ɗalibinsa ne da bai sami maki mai kyau ba. Yaro ya mayar da martani da zafi, sannan ba da jimawa ba ya dawo ya nemi afuwa kan zafin, amma bai sauka daga ra'ayinsa ba. Abin da ya fi burge ni ya zo ne a 2004, lokacin da wani marubuci ya yi zargin cewa Linus kwafar Minix ya yi. Wa ya fito ya wanke shi? Tanenbaum. Har gobe yana kan bakansa game da ƙananan tukwane, amma bai yarda a yi wa abokin gardamarsa ƙazafi ba.

Kada kuma a ɗauka Linus waliyyi ne. Ya yi shekara da shekaru yana yi wa masu taya shi aiki wankin babban bargo in sun kawo gyara mara kyau, har wasu ƙwararru suka ajiye fartanya suka bar gonar. Aikin gayya kuwa ba albashi ke riƙe mutane ba; wanda ya zo taya ka noma don Allah, ka zage shi a kan kunya ɗaya da ta karkace, gobe ba ka ganinsa. A watan Satumban 2018 Linus da kansa ya amsa cewa halinsa ya cutar da mutane, ya nemi gafara, ya tafi hutu na kusan wata guda, aka kuma kafa wa aikin ƙa'idojin zaman tare. Masu Ubuntu, wani reshen Linux da ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004, su tun a suna suka ɗaura aniya, don kalmar a harsunan Zulu da Xhosa kusan abin da muke kira mutuntaka take nufi.

Su manyan ma sun daɗe da shan fura a ƙwarya ɗaya. A 2001 shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya kamanta Linux da ciwon daji. Zuwa 2014 magajinsa Satya Nadella yana cewa kamfanin na ƙaunar Linux, a 2016 kuma suka gina mata ɗaki a cikin gidan Windows. Attajirai sun ƙulla ciniki, yaran shago suna waje suna jifan juna da ɓawon rake.

Ni ba na cewa a daina gardama. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ji mai iPhone yana tsokanar mai Tecno, mai Tecno yana tambayarsa ko cajinsa zai kai la'asar, ya san abin yana da daɗi. Kuma su biyun taubasai ne ba su sani ba: Android da ke cikin Tecno a kan Linux aka gina ta, Linux ta kwaikwayi wata tsohuwar manhaja mai suna Unix, manhajar iPhone kuma daga zuriyar Unix ɗin ta fito, wadda aka fara a Amurka a 1969. Amma wasan taubasai, kamar na Fulani da Barebari ko na Kanawa da Zazzagawa, yana tafiya ne da fuska. Kana faɗa kana murmushi, kana kallon idon mutum, in ka ga ya canza ka ja linzami. A intanet babu ido, babu murya, babu dattijon da zai yi gyaran murya daga kan tabarma. Abin da ka rubuta da dariya wani zai karanta shi da yunwa, cikin zafin rana, bayan an ɗauke wuta.

Sannan akwai abin da ake aunawa da mudu, akwai wanda harshe kaɗai ke sani. Wannan manhaja tana tafiya a tsohuwar kwamfuta, waccan ba ta yi. Wannan tana buɗe aikin ofis ɗinku, waccan sai da dabara. Nan a kawo mudu, wanda ya yi kuskure a nuna masa. Amma wadda ta fi kyan gani, wadda ta fi kwanta wa mutum a hannu, wannan zancen kuka da kuɓewa ne.

Ita kuwa takardata, sai washegari da safe wani bawan Allah ya ratso ta tsakiyar masu faɗa. Bai ce komai kan manhajata ba. Tambaya ɗaya ya yi: na gwada canza wayar da ta haɗa na'urar da kwamfuta? Na ciro wata tsohuwa daga aljihun tebur na jona. Na'ura ta yi tari sau biyu ta fara fitar da takarda.