Ma'anar harshen inji da lafiyar jirgin sama: binciken Patirik da Radiya Kuzo

Ran 4 ga watan Yuni na shekara ta 1996, aka harba kumbon Ariane 5 na farko daga Kuru, cikin Guyana ta Faransa. Bai wuce daƙiƙa arba'in a sama ba ya karkace, ya tarwatse tare da taurarin ɗan Adam huɗu da yake ɗauke da su. Kwamitin bincike, wanda masanin lissafi Jak Luwi Liyons ya shugabanta, ya tarar babu aibi ga ƙarfe ko ga mai. Aibin yana cikin jerin umurnin da aka rubuta wa kwamfutar da ke auna tafiyar kumbon.

Wannan jerin umurni an gaje shi daga Ariane 4. Sabon kumbo kuwa ya fi tsohon saurin tafiya a kaikaice, sai wani adadi ya ƙaru har ya wuce 32.767, iyakar abin da gurbin da aka tanadar masa yake iya ɗauka. Kwamfutar ta tsaya. Ta biyu, wadda aka ajiye domin ko-ta-kwana, ita ma ta tsaya, domin umurni ɗaya suke bi.

Tambayar da wannan hasara ta tayar tana da shekara ashirin a hannun masu bincike biyu, Patirik Kuzo na Faransa da matarsa Radiya, haifaffiyar Tunisiya. A 1977, suna Gironobul, suka gabatar da wata hanya ta nazarin ma'anar harsunan da ake yi wa inji umurni da su. Tun cikin shekarun 1930 Alan Turin ya nuna cewa babu hanya guda da za ta faɗi makomar kowane jerin umurni daidai wa daida. Gwaji kuma ba ya wadatarwa, tun da ba a iya gwada kowane hali. Shawararsu ita ce a bar bin adadi ɗaya ɗaya, a bi iyakokinsa.

Misalin haka shi ne mai lodin gero a tasha. In ya san babu buhun da ya wuce kilo 100, kuma buhunan ba su wuce 50 ba, ya tabbata kayan ba su haura tan 5 ba, ko da bai ɗora ko ɗaya a sikeli ba. Wannan lissafi yana iya yin gargaɗi inda babu hatsari, amma ba ya yin shiru inda hatsari yake.

Shekaru da dama aikin yana cikin mujallun masana kawai. Patirik ya koyar a Jami'ar Mes, da Makarantar Politeknik, da Babbar Makarantar Horon Malamai ta Pari, daga baya ya koma Jami'ar Niyok. Radiya ta yi aikinta a Cibiyar Binciken Kimiyya ta Ƙasar Faransa har rasuwarta a 2014. Tare da ƴan ƙungiyarsu suka ƙera na'urar bincike mai suna Astrée. A 2003 ta tantance layi wajen 132.000 na umurnin sarrafa tashin jirgin Airbus A340, ta tabbatar babu irin kuskuren da ya kashe Ariane 5. Bayan haka aka yi amfani da ita ga jirgin A380.

Tsakanin takardar farko da jirgin farko, shekara 26 ke nan. Da an auna binciken da amfanin da ya kawo cikin shekara biyar, da an yanke masa kuɗi tun yana ɗanye. Masu tsara bincike, ko na inji ko na harshe, suna da abin lura a nan: aikin fayyace ma'ana da ƙa'ida yakan daɗe kafin a ga ranarsa, kuma sai an ɗauki nauyin mai yinsa tsawon wannan lokaci.