Tsarin Vankuba wajen jera manazarta a maƙalar likitanci

A shekarar 1978 wasu editocin mujallun likitanci suka taru a birnin Vankuba na ƙasar Kanada, suka shimfiɗa ƙa'idojin da suka haifi wannan tsari. A cikinsa ba mu jera manazarta bisa haruffan sunayen marubuta. Kowane aiki yana samun lamba a inda muka fara ambatonsa, kuma yana riƙe da ita har ƙarshen maƙala. In marubutan aikin sun wuce 6, mukan kawo 6 na farko, mu ƙara "et al.".

Abin kiyayewa shi ne: duk lokacin da muka sauya wa sakin layi wuri, wajibi ne mu sake duba lambobin. Kuskuren lamba guda yana iya tura likitan da ke neman tabbacin awon magani zuwa binciken da bai shafi maganin ba.