Hukuncin kotu a intanet: ƙofa ta buɗe, amma ba ga kowa ba

Ɗan kasuwar Maraɗi da rikicin bashi ya kai shi gaban alƙali na iya duba yadda aka yanke irin shari'arsa a baya, daga wayarsa. Kotun OHADA da ke Abijan, mai maganar ƙarshe kan dokokin kasuwanci na bai ɗaya a ƙasashe 17 har da Nijar, ana wallafa hukunce-hukuncenta a intanet. Shafin Juricaf ma yana tattara na manyan kotunan ƙasashe masu amfani da Faransanci, kyauta.

Faransa ta yi nisa a wannan fanni. Dokar 2016 ta wajabta buɗe hukunce-hukunce ga jama'a, a 2021 kuma aka ƙaddamar da rumbun Judilibre, inda ake ɓoye sunayen masu shari'a.

Amfanin a fili yake: alƙalin da ya san duniya za ta karanta hujjarsa, da wuya ya yi wa shari'a biyu masu kama hukunci daban.

Sai dai rikicin gona da na gado a ƙananan kotuna ake fara sauraron su, Juricaf kuwa hukuncin manyan kotuna ya fi tattarawa. Abin da aka wallafa ɗin ma da Faransanci yake, harshen da mafi yawan manoma ba sa karantawa.